MULKI DA ADALCI DA HALIN ƊAN ADAM: ABIN DA MAGABATA SUKA GANO

Wannan shi ne jawabin da wani malamin makaranta ya yi a unguwar Federal Low-Cost cikin garin Gombe, gaban taron fatake da 'yan ci-rani da suka zo gida hutun Salla daga Kurmi. Mun buga shi duka domin amfanin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, waɗanda ba su sami halarta ba.



Bayan godiya ga Allah da salati ga Annabinsa, an nemi in yi magana a kan mulki da adalci. Ni kuwa na ga su biyun ba su fahimtuwa sai an haɗa su da na uku, watau halin ɗan Adam, gama shi ne ke riƙe da sandar mulkin, shi ne kuma ake kora da ita. Zan ɗauko maganar daga mutanen da suka aza harsashin daular da wannan gari namu ya fito daga cikinta, watau Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Malam Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansu. Modibbo Bubayero, wanda ya kafa sarautar Gombe, ya zauna a Gombe Abba, ya rasu cikin 1841, almajirin Shehu ne, a hannunsa kuma ya karɓo tuta. Saboda haka abin da suka rubuta gadonmu ne, muna da ikon mu duba shi, mu auna kanmu da shi.

Abin da nake so ku koma da shi Kurmi guda ɗaya ne. Mutanen nan, duk da tsoron Allah da aka san su da shi, ba su yarda a rataya lafiyar talaka a wuyan kirkin mai mulki kaɗai ba. Sun san ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba, don haka suka nemi a yi wa mulki shinge.

TARON MAGAMI

Wajen shekara ta 1788, ranar Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya rarraba musu kyauta mai yawa. Shehu, wanda a lokacin yana da shekara talatin da 'yan kai, ya ƙi karɓar nasa rabon. Maimakon dukiya sai ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda aka ɗaure, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince da su duka.

Jama'a, ku lura da biyu na ƙarshe. Ɗan sarka da mai biyan haraji ba lalle ne su zama almajiran Shehu ba, amma ya sa su cikin roƙonsa. Ku kuma lura da abin da ya biyo baya. Alkawarin ya tsaya ne a kan halin Bawa shi kaɗai, babu alƙalin da zai tilasta shi, babu majalisar da za ta tsare shi. Da Bawa ya kau, sai magadansa suka fara warware shi. Nafata ya taƙaita wa'azi ya hana sa rawani, Yunfa ya tsananta, har Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin Fabrairu na 1804. Darasin farko ke nan: adalcin da aka samu ta hanyar alfarmar sarki, ranar da sarkin ya mutu tare ake binne su.

LAIFUFFUKAN DA AKA LISAFTA

A cikin littafin nan Kitabul Farƙi, Shehu bai tsaya ga cewa zalunci mugun abu ne ba, kowa ya san wannan. Ya bi al'adun sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, ya kira su da sunayensu na Hausa. Ya ambaci hawa gadon sarauta ta gado ko ta ƙarfi ba tare da shawara ba. Ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Ya ambaci gaisuwa, wadda sai an ba da ita kafin a kai mutum gaban sarki. Ya ambaci tawasa, watau naman da mai kula da kasuwa ke yanka wa kansa daga mahauta kowace ranar kasuwa, da kamuwa, watau kama dabbar mutum ba da izininsa ba a ɗora mata kayan sarki. Ya kuma ambaci cinye dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu, su ce gado ne, alhali kuwa babu abin da ya haɗa su da mamacin.

Ku da kuke zaune a ƙasar wasu, wa ya fi ku sanin zafin waɗannan? Wa ake yi wa tawasa in ba mahauci ba? Dabbar wa ake kamawa in ba ta falke ba? Dukiyar wa ake cinyewa in ba ta baƙon da danginsa ke nesa ba? Kusan duk abin da aka lisafta, a kan mai rauni yake faɗawa, wanda ba shi da uwa a gindin murhu. Ma'aunin adalcin kowace hukuma ke nan a wurin magabata: a duba yadda take yi da wanda ba shi da mai tsaya masa.

RANAR DA MALAM ABDULLAHI YA JUYA BAYA

Da a ce masu jihadi sun ɗauka mugunta halin sarakunan Gobir ce kaɗai, da ba su bar mana wani abin koyi ba. Abin da ya buɗe musu ido, a cikin sansaninsu ya faru. Wajen 1807, tun ba a ci Alƙalawa ba, gama sai cikin 1808 aka ci ta, Malam Abdullahi, wanda shi ne ya ja rundunar da ta yi nasara a Tafkin Kwatto cikin 1804, ya bar mayaƙa ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana daga baya a cikin Tazyinul Waraƙati, shi ne ya ga da yawa daga mutanen kirki sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage kuwa zukatansu sun karkata ga neman sarauta da tara dukiya da alatu, irin abubuwan da aka fito yaƙi dominsu.

To, ku tsaya ku yi tunani. Shekara uku kacal da hijira. Shehu yana raye, yana wa'azi, mutanen nan kuma da kunnensu suka ji shi. Amma duk da haka ganima ta fara sauya su. In haka ta faru ga waɗanda suka sha karatu a gaban Shehu, me ake tsammani daga ni da ku ranar da aka danƙa mana mabuɗin baitulmali?

Malam Abdullahi bai wuce Kano ba. Mutanen Kano suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci, shi ne ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya koma gida. Ya gane ke nan cewa gudu ba ya maganin halin ɗan Adam, sai dai a rubuta ƙa'ida, a kafa ta a bisa kan mai mulki da wanda ake mulka.

SHINGEN DA SUKA KAFA

Wane irin shinge ne? Shehu ya ce harsashin mulki biyar ne: kada a ba da shi ga mai kwaɗayinsa, a lizimci shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kuma kyautata. Ya ce kuma dole mai mulki ya sami mataimaka huɗu: waziri amintacce mai farkar da shi in ya yi barci, mai tuna masa in ya manta, da alƙalin da zargin mai zargi ba ya tanƙwara shi, da shugaban 'yan doka mai ƙwato wa mai rauni hakkinsa daga mai ƙarfi, da mai karɓar haraji wanda ba ya zaluntar talakawa. Ku duba aikin wazirin nan. Tun kafin a naɗa sarki an riga an ɗauka zai yi barci, zai kuma manta. Wannan ita ce fahimtar halin ɗan Adam.

Ba su ne suka fara wannan tunani a ƙasar Hausa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa takarda a kan wajiban sarakuna, inda ya yi ta nanata masa haɗarin da ke cikin sarki ya kange kansa daga talakawansa. Shehunan Sakkwato sun karanta Magili, sun kafa hujja da shi. Sun kuma san abin da Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi yake yi, watau ƙididdige dukiyar gwamna ranar naɗinsa, domin a gane abin da ya ƙaru a kanta daga baya. Sahabbai yake naɗawa, amma bai fasa ƙirga ba.

Muhammadu Bello, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya ƙara wani abu a cikin Usulus Siyasa, littafin da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina. Ya ce wajibi ne sarki ya zaɓi ma'aikatansa daga mafifitan mutane, bayan ya zaɓa kuma ya sa musu ido. Ya ce wajibi ne ya kula da abin da zai gyara rayuwar jama'a, ya ƙarfafa manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masu magani, ya gina garuruwa da gadoji, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Unguwar da muke zaune a cikinta yau, sunanta ma yana tuna mana gidajen da Gwamnatin Tarayya ta gina domin masu ƙaramin ƙarfi. Bisa ma'aunin Bello, irin wannan aiki sauke nauyi ne, kamar biyan bashi. Mai karɓar bashinsa ya kan yi godiya don ladabi, amma ba ya sayar da bakinsa saboda an biya shi.

Bello bai ƙyale talakawa ba su ma. Ya ce a umurce su da yin adalci a tsakaninsu, gama halin masu mulki daga halin jama'a yake fitowa. Zan dawo kan wannan.

SHINGE YA RIƘE KO BAI RIƘE BA

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Shingen nan bai riƙe duka ba. Gadon sarauta da aka soka ya dawo, a Sakkwato da Gwandu da Bauci da nan Gombe sarauta ta zauna a gidajen waɗanda suka karɓo tuta. Jangalin da aka la'anta ya dawo, Turawa suka same shi suka ƙarfafa shi, ana ta karɓarsa har cikin shekarun 1970. An ci gaba da kama bayi ana sayarwa. Tun Bello bai daɗe da hawa ba, Malam Abdussalami, ɗaya daga manyan almajiran Shehu, ya yi tawaye yana kukan rashin adalci, aka kashe shi cikin 1818. Me ya sa? Domin sarki shi ke naɗa alƙali, shi ke naɗa waziri, shi ke tuɓe su. Mai farkar da kai, in kai ke ciyar da shi, wata rana zai bar ka ka yi ta barcinka.

Amma akwai abin yabo ko a nan. Sa'ad da Shehu Laminu na Barno ya rubuto wasiƙu yana tuhumar halaccin yaƙar ƙasarsa, Bello bai ƙone su ba. Ya sa su a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812 tare da amsarsa, har yau ana karanta hujjar abokin gabansa ta hannunsa. Ma'aunin da suka bari kuma bai mutu ba. Cikin Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a ba talaka baki a cikinsa. A watan nan ne kuma aka kafa NEPU a Kano. Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Sardauna Ahmadu Bello sun saɓa a hanya, amma kowannensu da sunan Shehu yake kafa hujja.

Wasu mutane a wata nahiya sun fuskanci wannan matsala a kusan zamani guda. Cikin 1787 aka rubuta tsarin mulkin Amurka, ɗaya daga marubutansa kuma, James Madison, ya yi bayani cikin 1788 cewa tun da masu mulki mutane ne masu son zuciya, to, a raba iko kashi-kashi, kowane kashi ya zama mai tsaron ɗan'uwansa. Shehunanmu sun dogara ga shari'a da tsoron Allah da nasihar malamai, su kuwa sun dogara ga haɗa mai buri da mai buri su tsare juna. Su ma suna maganar 'yanci alhali suna riƙe da bayi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Irin tsarinsu Nijeriya ta ɗauka cikin 1979, bayan aikin kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya kafa cikin 1975 a ƙarƙashin Rotimi Williams. Tsarin nan ya wajabta wa masu riƙe da muƙamai su bayyana kadarorinsu, abin da Sayyidina Umaru ya riga ya yi tun da daɗewa. Mun ga kuma da idonmu cewa takarda ita ma ba ta tsare kanta. Shinge biyu ake bukata tare, na zuciya da na doka, sa'an nan da mutanen da za su riƙa zagaya shi suna toshe inda ya ɓule.

KU DA KE KURMI

Yanzu na zo kanku. Ku kun fi kowa sanin cewa amana sai da tsaro. Tun da aka kafa Sabon Badun cikin 1916, fataucin shanu da goro a kan amana yake tafiya. Falke ya kan sauka gidan maigida ya danƙa masa shanunsa, dillali ya sayar wa mahauci bashi, maigida ya tsaya lamuni. Me ya sa abin ya ɗore? Domin maigidan da ya ci amanar baƙo guda, kafin wata ya ƙare labarinsa ya kai Kano, baƙi su ƙaurace wa gidansa. Kasuwa ta yi wa maigida shinge.

To, ku ɗauki ma'aunin nan ku auna wuri uku.

Na farko, hukuma. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon tafiya da zama a duk inda ya so cikin ƙasar, sashe na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina. Zamanku a Agege ko Idi-Araba ko Ama Hausa ta Owerri hakki ne. Ku biya abin da doka ta aza, ku karɓi rasit. Abin da ake tatsa a hannun direban tirela a shingayen hanya ba da rasit ba kuwa, tawasa ce ta sake riga. Ranar zaɓe kuma, tun da a zamaninmu ba a samun mulki sai an nema, ku duba yadda ake neman. Wanda ya sayi ƙuri'arku falke ne, uwar kuɗinsa da riba zai nema.

Na biyu, shugabanninku na zango. Yaya ake zaɓen Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiyar kasuwa a inda kuke, da shawara ko da ƙarfin aljihu? Kuɗin da ake tarawa kowane mako, wa ke ƙirga shi, a gaban wa? Neman a karanta lissafi a bainar jama'a ba rashin kunya ba ne, kariya ce ga shugaban kirki. In ɗan acaɓa ko mai shayi ko mai gadi ya rasu a can, wa ke tattara ajiyarsa da babur ɗinsa ya kawo wa marayunsa a Dukku ko Nafada ko Kumo? Duk wanda ya danne ta, ya aikata abin da Shehu ya zargi sarakunan Gobir da shi, ko da kuwa yana sahun farko a masallaci. Ku rubuta sunan kowane baƙo da garinsu da na waliyyinsa, ku rubuta kowace ajiya gaban shaidu biyu.

Na uku, ku kanku, kamar yadda Bello ya ce. In ɗanmu ya cuci ɗan gari, muna miƙa shi ga hukuma ko muna ɓoye shi don namu ne? Kun tuna Shagamu cikin Yuli na 1999, da ramuwar da ta biyo baya a Kano, da Idi-Araba cikin Fabrairu na 2002, da kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairu na 2021. Mafi yawan waɗanda suka rasa rai da dukiya a wuraren nan ba su san yadda aka fara ba. Inda ba a hukunta mai laifi shi kaɗai, ƙabilarsa duka ake hukuntawa. Ku kuma tuna Ibo da Yarbawa masu shaguna a nan Gombe baƙi ne a wurinmu kamar yadda kuke baƙi a wurinsu. Da mudun da muka auna musu a nan za a auna muku a can.

Iyayena da 'yan'uwana, Malam Abdullahi ya ga abokan gwagwarmayarsa sun sauya cikin shekara uku, bai ce mutum ya lalace a bar shi ba, ya zauna ya rubuta ƙa'ida. Ku ma in kun koma, kada ku jira sai an sami shugaban da ba ya barci, gama ba a haife shi ba tukuna. Ku zaɓi na kirki, sa'an nan ku sa masa waziri, ku buɗe littafin lissafi, ku tsaya wa baƙon da ba shi da kowa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya sa mu zama talakawan da suka cancance su. Allah Ya kai ku wuraren neman abincinku lafiya, Ya komo da ku lafiya.

Wassalamu alaikum.